Faifan ƙura a kewayen taurarin maƙwabta: ta yaya ake auna ƙwayar da ba a taɓa riƙewa ba?

Abdulhadi: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Na ga hoton tauraron Fomalhaut da na'urar James Webb ta ɗauka, wanda aka fitar a watan Mayun 2023, ga zobban ƙura ɗaya cikin ɗaya sun kewaye shi. Hoton na yarda da shi, tunda gani ya kori ji. Inda na tsaya shi ne inda masana ke cewa ƙwayoyin ƙurar girmansu maikiron kaza ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Tauraron nan tafiyar haske ta shekara 25 ce tsakaninmu da shi. Mu a ɗakin gwaji sai mun ɗora abu a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin mu ce ga girmansa. To su da me suka auna? Kuma tun farko ma yaya aka yi aka san akwai ƙura a wurin? Malam Garba, don Allah a taimaka.

Malam Garba: Wa alaikumus salam Abdulhadi. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce mai sauƙi.

Ba neman ƙura aka fita yi ba aka same ta. A watan Janairun 1983 Amurka da Holan da Birtaniya suka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS, aikinsa ya dubi sama da hasken infirared, wato hasken zafi wanda ido ba ya gani. Kowane sikeli sai an gwada shi da dutsen awo da aka san nauyinsa, su kuma dutsen awonsu shi ne Vega, domin babu tauraron da aka yi wa sani irin nasa. Zafin fuskarsa ya kusa digiri 10,000, kuma daga wannan zafin ana iya lissafa iyakar hasken da ya kamata ya bayar a kowane zango, wato kowane tsawon igiyar haske. Da aka juya na'urar gare shi, a zangon maikiron 12 lissafi ya yi daidai, amma a 60 da 100 sai haske ya ninka abin da ake tsammani sau da yawa. Har an fara zargin na'urar. Daga baya Aumann da Gillett da abokan aikinsu suka tabbatar cewa rarar ta gaske ce, suka buga sakamakon a 1984: akwai wani abu mai sanyi a kewayen Vega, zafinsa kamar digiri 85 a ma'aunin Kelbin, wato 188 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas. Ƙura ce take shan hasken tauraron, ta ɗan ɗumama, ta mayar da shi a dogon zango.

IRAS ɗin ya ga irin wannan rara a Fomalhaut da Beta Pictoris da Epsilon Eridani. Har gobe hanyar neman ke nan: ka lissafa abin da tauraro zai bayar shi kaɗai, ka auna abin da ya zo maka, ka ga ko akwai rara.

Nura Kumasi: Malam, da girmamawa, rarar haske ai ba ƙura ba ce. Rarar haske ce kawai. Wa ya ce ba wani abu ne a bayan tauraron ba, can nesa, ya faɗo a layi ɗaya da shi?

Malam Garba: Tambaya ce mai kyau Nura, kuma a shekarar 1984 ɗin aka amsa ta. Bradford Smith da Richard Terrile suka je Las Campanas a ƙasar Chile, suka sa wa madubin hangen nesa wani ɗan marufi da ke tare hasken tauraron, kamar yadda kake kare rana da tafin hannu don ka ga shaho a sama. Da suka rufe Beta Pictoris sai ga zare biyu na haske sun miƙe, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Faifai ne muke gani ta gefe, kamar a riƙe faifan bakace daidai ido. Shi ne hoton farko na irin wannan abu.

Sai batun nisa. Mu kira tazarar Rana da Duniya taku ɗaya, kilomita miliyan 150 ke nan. Baƙin dutse a taku ɗaya daga Rana zafinsa digiri 278 ne a Kelbin. In ka ninka nisan sau huɗu, zafin ya ragu da rabi. Saboda haka in ka san zafin ƙura, ka san hasken tauraronta, ka san nisanta. Misali a kewayen tauraro irin Ranarmu, ƙura mai digiri 60 tana wajen taku 21.

Zainab: Sannunku da muhawara. Malam, ina neman izini in ɗan yi gyara a sakin layi na ƙarshe, domin a kan wannan gaɓar nake karatuna yanzu, kuma a nan ne amsar tambayar Abdulhadi take.

Lissafin da Malam ya kawo daidai ne, amma ga manyan ƙwayoyi kaɗai. Ƙaramar ƙwaya ta fi babba zafi ko da suna wuri ɗaya. Saboda haka in ka ga digiri 60, abu biyu ne: ko dai manyan ƙwayoyi a taku 21, ko kuma ƙananan ƙwayoyi a taku 40 ko 50 ko fiye. Duka biyun kusan haske iri ɗaya za su aiko maka. Zafi shi kaɗai ba ya raba maka girma da nisa.

Abin da ke raba su hoto ne. In na'ura ta iya ganin zoben har ta auna faɗinsa, ka san nisan gaskiya. Sai ka lissafa zafin da baƙin dutse zai yi a wurin, ka kwatanta da zafin da ka auna. Bambancin shi ne ke gaya maka girman ƙwayoyin. Ɗauki Fomalhaut: haskensa ya ninka na Rana sau 16 da ɗoriya, babban zobensa yana wajen taku 140. Baƙin dutse a can zai yi digiri 47. Duk abin da ya haura haka aikin ƙananan ƙwayoyi ne, kuma gwargwadon haurawar gwargwadon ƙanƙantarsu. Shi ya sa tauraron ɗan'adam Herschel, mai madubin mita 3.5, wanda ya yi aiki daga 2009 zuwa 2013, ya canza fagen. Madubin IRAS santimita 57 ne kacal. Da Herschel ya ɗauki hotunan faifai da yawa, aka ga galibinsu sun fi faɗin da lissafin baƙin dutse ya bayar, wasu ninki biyu, wasu fiye, musamman a taurari marasa ƙarfin haske.

Malam Garba: Na karɓi gyara 'yata, Allah ya ƙara basira. Haka nake koya wa yara a aji shekara da shekaru, ban taɓa kawo musu wannan sharaɗin ba. Daga bana zan kawo.

Abdulhadi: Yaya Zainab, me ya sa ƙaramar ta fi zafi? Ni da na ɗauka ita za ta fi saurin hucewa, kamar yadda kunu a ƙaramin kofi ke riga na babbar roba hucewa.

Zainab: Kunu iska ce ke kwashe masa zafi, ƙanena. A can babu iska, hanya ɗaya ce ta hucewa: fitar da haske. Ka tuna rediyon gajeren zango da iyayenmu ke kamawa a kan mita 49 ko 31? Tashar da za ta watsa irin wannan zango sai da doguwar eriya, ba za ka yi shi da ɗan guntun waya ba. Ƙwayar ƙura ma eriya ce. Hasken tauraro zangonsa bai kai maikiron ɗaya ba, don haka ƙwaya mai maikiron biyu tana shansa sosai. Amma in za ta fitar da zafin, a irin sanyin can sai ta fitar da shi a zangon maikiron 50 ko 100, ita kuma ta yi ƙanƙanta da wannan zango. Shiga da sauƙi, fita da wuya. Sai zafi ya taru a jikinta har ta kai matsayin da za ta iya fitarwa a gajeren zango. Ƙa'idar ita ce ƙwaya tana fitar da haske da kyau muddin zangon bai wuce tsawon kewayenta ba. Daga nan sai ƙarfinta ya riƙa raguwa.

Wannan ne ma ya sa kowace na'ura da irin ƙwayoyin da take gani. Madubin hangen nesa na Hubble na ganin hasken da ƙanana ke watsawa. ALMA, mai eriya 66 a tudun Chajnantor na Chile, a zangon milimita ɗaya take aiki, don haka tsakuwoyi masu girman ƙwayar gero take gani. Hoton Fomalhaut da ALMA ta fitar a 2017 siririn zobe ne tsaf, domin manyan ƙwayoyi ba sa yawo nesa da inda aka haife su.

Hajiya Rabi: Ina ta karantawa ina jinjina kai, domin wannan aikin na san ɗan'uwansa. Na yi shekaru a aikin auna ƙurar iska kafin in ajiye aiki. Ku dubi rana a tsakiyar hunturu in hazo ya sauko daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Fara take zama fat, kamar faranti, har ka iya kallonta. Amma ku dube ta ta cikin hayaƙin ƙonar daji, ja take zama. Dalili kuwa girman ƙwaya ne. Ƙwayar hayaƙi ba ta kai zangon hasken da ido ke gani ba, wanda yake tsakanin maikiron 0.4 da 0.7, saboda haka shuɗi take tarewa ta bar ja ya wuce. Ƙwayar hazo ta fi zangon girma, sai ta tare duk launuka kusan bai ɗaya. Akwai na'urorin da ke kallon rana a launuka daban-daban suna fitar da girman ƙura ta wannan hanya, akwai a Ilori, akwai a Banizumbu kusa da Yamai. Ba sa taɓa ƙwayar, launi kawai suke karantawa.

Amma mu muna da gata. Muna iya shimfiɗa takardar tacewa mu kama ƙurar, mu kai ɗakin gwaji, mu ga ko lissafin haske ya faɗi gaskiya. Kuma sau da yawa sai an yi gyara, domin lissafin farko yana ɗauka kowace ƙwaya dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, alhali in ka duba ta a madubi za ka ga ɓarɓashi ne mai kusurwoyi. Zainab 'yata, ku da ba ku da takardar tacewa, yaya kuke yi?

Zainab: Hajiya, wallahi kin taɓo inda ke mana ciwo. Lissafin ƙwallon nan, na Gustav Mie na 1908, shi muke amfani da shi mu ma, don shi ne mai sauƙi. Abin da muke yi shi ne mu tara shaidu da yawa mu ga ko bakinsu zai zo ɗaya.

Launi shaida ne, kamar yadda kika ce. Faifan AU Microscopii, wani jan ƙaramin tauraro mai nisan shekarar haske 32, ya fi tauraronsa shuɗi, alamar akwai ƙwayoyin da ba su kai maikiron ɗaya ba da yawa. Shaida na biyu, duwatsu irin silikat suna da wani tambari a zangon maikiron 10, wani ɗan tudu a jadawalin haske, wanda ba ya fitowa sai ƙwayoyin ba su wuce 'yan maikiron kaɗan ba. In sun girma tudun ya baje. Akwai labari mai daɗi a kan irin waɗannan tambura: tauraron ɗan'adam Spitzer ya ga alamun ƙananan ƙwayoyin silikat a Beta Pictoris a 2004 da 2005, da James Webb ya duba a 2023 sai aka tarar wasunsu sun ɓace. Christine Chen da abokan aikinta suka ce wani babban karo ne aka yi tsakanin manyan duwatsu, ƙurarsa ta tashi, cikin shekara 20 kuma hasken tauraron ya share ta. Na uku, gefen faifan da ke kusa da mu da wanda ke nesa ba sa haske ɗaya, kamar yadda ƙurar gilashin mota ke ƙyalli in kana fuskantar rana.

Malam Isa na Damagaram: Assalamu alaikum. Ni ba fagena ba ne, amma sunayen nan da kuke kira ba baƙi ba ne a wurinmu. Fomalhaut ai Famul Hut ne, bakin kifi. Vega kuma daga Annasrul Waƙi'u aka gutsuro shi, mikiya mai sauka. Na ji daɗi da na ga har yanzu ana kiransu da sunan da magabata suka sa musu.

Tambayata ita ce. A littattafan fiƙihu an raba alfijir biyu. Akwai na gaskiya, wanda ke bazuwa a kwance a gabas, akwai kuma alfijir kazib, wanda ke miƙewa tsaye kamar wutsiyar kyarkeci kafin na gaskiyar ya keto. Ina yaro a ƙauyenmu, lokacin babu wutar lantarki, na sha ganinsa in mun tashi karatun asuba. Wani ya taɓa gaya mini cewa ƙura ce a sararin samaniya. Shin irin wannan ƙurar kuke magana?

Malam Garba: Allah ya gafarta Malam, ita ce. Masana taurari da yawa sun tafi a kan cewa siffar alfijir kazib ta yi daidai da hasken da ƙurar cikin gidanmu ke watsawa, ƙurar da ke shimfiɗe a kan hanyar da duniyoyi ke bi suna kewaya Rana. Mafi yawanta daga taurari masu wutsiya take zubowa, sauran daga karon duwatsun da ke tsakanin Mirrihu da Mushtari. Mu a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya mun fi mutanen Turai damar ganinsa, domin a wurinmu hanyar Rana kusan a tsaye take fitowa daga gabas duk shekara. Ashe Malam ya riga mu duka ganin faifan ƙura da idonsa, daga ciki.

Kuma ga abin lura. Ƙurarmu ba ta tare fiye da kamar kashi ɗaya cikin miliyan goma na hasken Rana. Ta Beta Pictoris tana tare kamar kashi biyu ko uku cikin dubu. Da a ce muna zaune a wani tauraro muna hangen Rana da Herschel, da ba mu ga komai ba. Don haka in an ce binciken Herschel ya sami ƙura a kusan ɗaya cikin biyar na taurarin maƙwabta masu kama da Rana, ma'anarsa ɗaya cikin biyar ne suke da ƙurar da ta kai a gani.

Zainab: Kuma Hajiya, wannan ƙurar ta gida ita ce takardar tacewarmu. Jiragen NASA masu tashi sama sosai suna kamo ta tun shekarun 1970. Yawancin ƙwayoyin da aka kamo cure suke, ƙananan gutsattsari manne da juna, da ramuka a tsakani.

Nura Kumasi: To ni har yanzu ban gamsu ba, kuma ba gardama nake so ba. Kun ce Vega da ƙura. Vega ya yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Yaya Zainab ta ce hasken tauraro ya share ƙura cikin shekara 20. To in haka ne me ya sa ba ta ƙare ba tuntuni?

Malam Garba: Saboda ana ta niƙa sabuwa, Nura. Ka ɗauki abin kamar sussuka da sheƙa. Haske yana da ɗan turi, nauyin tauraro kuma yana jawowa. Turi yana bin faɗin ƙwaya, jawowa tana bin nauyinta. In ƙwaya ta yi ƙanƙanta har turin ya kai rabin jawowar, da zarar ta ɓalle daga jikin dutsen da ya haife ta sai ta fice daga gidan gaba ɗaya, kamar ƙaiƙayi a iska, tsabar ta faɗo a faifai. Iyakar tana da lissafi mai sauƙi: ka ninka hasken tauraro da 1.15, ka raba da nauyinsa (haske da nauyi duka ana ɗaukar na Rana a matsayin ɗaya), ka sake rabawa da kaurin dutsen, wanda ga dutse sosai giram 3 ne a kowane santimita mai fuska shida. Ga Rana kusan rabin maikiron ke fitowa. Ga Beta Pictoris kamar 2. Ga Fomalhaut, mai haske 16.6 da nauyi 1.9, kamar 3 da ɗoriya. Ga Vega 7 ko 8. Gashin kanka kaurinsa wajen maikiron 70 ne, don ka kwatanta.

Waɗanda suka ɗan fi haka girma kuma, ko dai su yi ta karo da juna har su niƙe, ko hasken ya riƙa rage musu gudu sannu a hankali su gangara cikin tauraron. Ko ta yaya rayuwar ƙura gajeriya ce in an kwatanta da ta tauraro. Ganin ƙura a tsohon tauraro shaida ce cewa akwai manyan duwatsu da ƙanƙara suna ta karo a can, irin ɗamarar Kuiper tamu da ke bayan Neptun, daga taku 30 zuwa 50.

Zainab: In ƙara a kan na Malam. Dohnanyi ya nuna a 1969 cewa in duwatsu suka daɗe suna karo, girmansu yana bin wani tsari. Duk lokacin da ka sauko da girma sau 10, yawan ƙwayoyin yana ƙaruwa kamar sau 300, jimillar faɗin fuskarsu tana ƙaruwa sau 3, jimillar nauyinsu kuma tana raguwa sau 3. Wato haske a wurin gari yake, nauyi a wurin tsaki da manyan duwatsu. An gwada wannan tsari ta hanyar kwatanta hasken faifai a milimita ɗaya da haskensa a milimita 7 ko 9, da na'urorin rediyo na Ostareliya da na New Mexico, aka samu bai yi nisa da abin da Dohnanyi ya lissafa ba. Saboda haka in ka ji an ce girman ƙwayoyi kaza, yawanci ana nufin mafi ƙanƙanta a jerin, ba wai duka girmansu ɗaya ba.

Abdulhadi: Malam, na gwada lissafin a takarda. Amma in ƙwayoyin cure suke da ramuka kamar yadda Yaya Zainab ta ce, ai kaurin ba 3 ba ne. In na sa 0.3, iyakar Fomalhaut ta tashi daga 3 ta koma 33.

Nura Kumasi: Yauwa Abdulhadi! Abin da nake faɗa ke nan. Ka canza zato ɗaya, amsa ta ninka sau goma. Kuma na karanta cewa a 2008 an sanar da duniya an ga wata duniya a Fomalhaut da Hubble, daga baya aka ce ba duniya ba ce. An kuma ce akwai ƙura a Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da Rana, aka dawo aka janye. Wane dalili zai sa in yarda da maikiron 3 ko 8?

Zainab: Misalanka biyu gaskiya ne Nura, ba zan kare su ba. Wanda aka kira Fomalhaut b bai taɓa bayyana a infirared ba kamar yadda babbar duniya za ta yi, ya yi ta faɗaɗa yana dusashewa, har a 2020 Gaspar da Rieke suka nuna cewa ya fi kama da gajimaren ƙura daga karon manyan duwatsu biyu. Na Proxima kuma, a 2017 aka ga rarar haske a ALMA aka ce ƙura ce. Meredith MacGregor ta sake duba bayanan daƙiƙa bayan daƙiƙa a 2018, ta ga ashe tauraron ne ya yi wata tartsatsin wuta ranar 24 ga Maris 2017, haskensa ya ninka sau 1,000 cikin daƙiƙa 10, aka haɗa da sauran sa'o'in ya zama kamar rara. Zan ma ƙara maka na uku, wanda ya dace da tambayarka ta farko: a hoton James Webb ɗin da Abdulhadi ya gani akwai wani dunƙule a jikin zoben da aka ɗauka gajimaren ƙura ne, sai bayanan ALMA da na Keck suka nuna gungun taurari ne can nesa a bayansa.

Batun ramuka kuwa a Fomalhaut ɗin kansa aka yi karo da shi. Zafin da Herschel ya auna ya ce ƙwayoyin ƙanana ne, 'yan maikiron kaɗan. Yadda suke watsa haske a hoton Hubble ya ce manya ne, gomman maikiron. Shaidu biyu suka saɓa. A 2012 Bram Acke da abokan aikinsa suka ce mafita ita ce ƙwayoyin kamar audugar rimi suke: ƙananan gutsattsari cure da juna, suna ɗaukar zafi kamar ƙanana, suna watsa haske kamar manya. Sun kuma lissafa cewa kafin a samu ƙura mai yawan haka sai ana niƙe kwatankwacin taurari masu wutsiya 2,000 masu faɗin kilomita ɗaya kowace rana.

Ni yadda nake ɗaukar abin: faɗin zobe in an ɗauki hotonsa, na yarda da shi sosai. Zafin ƙura, na yarda. Cewa akwai ƙanana da manya a tare, na yarda. Girman mafi ƙanƙanta kuwa, in an ce 5, ina karanta shi tsakanin 2 da 10, ya danganta da abin da aka ɗauka an yi ƙwayar da shi, dutse ne ko gawayi ko ƙanƙara. Jimillar nauyin faifai shi ne mafi rauni, domin manyan duwatsun da ke ɗauke da nauyin ba a ganinsu ko kaɗan.

Nura Kumasi: To in haka ne a daina rubuta lamba ɗaya kamar an ɗora a sikeli. Wannan shi ne ƙorafina.

Malam Garba: A nan ina tare da kai rabi. Masu binciken suna rubuta sharuɗɗansu, masu kawo mana labari ne ke zubar da su a hanya. Amma kada ka raina kima, Nura. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A 1984 an ce ƙwayoyin Vega sun kai milimita ko fiye. A 2005 Kate Su ta nuna da Spitzer cewa akwai wani lulluɓin ƙananan ƙwayoyi da ya kai ɗaruruwan taku daga tauraron. Duka biyun suna nan, kowace na'ura ta ga rabonta. Sanin cewa abu tsakanin maikiron 2 da 10 yake, daga nisan shekarar haske 25, ni a wurina babban sani ne.

Hajiya Rabi: Mu ma haka muka yi ta fama, kuma ƙurar tana shiga mana hanci. Nura, riƙe shakkarka, tana da amfani. Abin da zan roƙa kawai, duk wanda ya kawo mana lamba a zauren nan ya faɗi da wace na'ura aka auna, a wane zango.

Abdulhadi: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Yaya Zainab, ɗalibi irina da ba shi da komai sai kwamfuta da ɗan data, akwai abin da zai iya taɓawa a wannan fage?

Zainab: Akwai. Tauraron ɗan'adam na WISE, da aka harba a 2009, ya auna sama gaba ɗaya a maikiron 3.4 da 4.6 da 12 da 22, kuma bayanansa a buɗe suke ga kowa a rumbun NASA. Da su aka yi shirin Disk Detective da aka buɗe a 2014, inda masu sa kai suka riƙa duba hotuna suna ware taurari masu rarar gaske daga waɗanda wani abu ya faɗo a bayansu. Ka fara da tauraron da aka riga aka sani. Ka ɗauko hasken Beta Pictoris a zango huɗun nan, ka zana layin da tauraro tsirara zai bi, ka ga inda maki na 22 ya tsaya. In ka yi, turo mini jadawalin mu duba tare. Sai dai ka sani WISE ƙura mai ɗumi yake kamawa, mai sanyi irin ta taku 100 sai ka koma bayanan Herschel.

Malam Garba: Kuma ka fita ka gan su da ido. Vega yana sama ta arewa da daddare a damina, in gajimare ya yaye. Fomalhaut yana kudu bayan isha'i daga Oktoba zuwa Disamba, shi kaɗai ne mai haske a yankinsa, ba za ka ɓata ba. Beta Pictoris yana kusa da Suhailu a Janairu da Fabrairu, ƙasa-ƙasa ta kudu, amma ba shi da haske sosai, sai daren da hazo ya lafa.

Malam Isa na Damagaram: Suhailu na san shi sarai. In Allah ya kai mu bayan kaka zan je ƙauye, zan tashi jikokina kafin asuba a daren da babu wata, in nuna musu wutsiyar kyarkecin. Malam Garba, ka rubuto mini a wane sa'a ya fi fitowa a watan Nuwamba.

Malam Garba: Kamar sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu kafin fitowar rana, Allah ya gafarta Malam. Ku fuskanci gabas, ku kashe tocila, ku ba ido minti 20 ya saba da duhu.